Furfurar Tsamiya da 'Yan Rawaya

Da damina ta yi nisa a bana, sai na ji 'ya'yana a zaure suna gardama kan ranar da za a zuba irin albasa. Wannan ya duba waya ya ce ruwa ya ƙare, wancan ya duba tasa ya ce da saura. Ina daga ɗaki ina jin su kawai, don in ka tsufa maganarka ta koma ta ban dariya. Amma raina ya tashi ya bar ni zaune, ya tafi bayan gida, wurin da tsamiya take a da. Yanzu ɗaki ne na siminti a wurin, rijiyar ma an rufe bakinta an sa mata inji, ba ka jin kukan guga da asuba, sai gunjin ƙarfe. Wallahi har yau in na bi ta nan nakan sunkuyar da kai kamar reshe zai taɓa mini ɗankwali.

Ni 'yar Fagada ce, aure ya kawo ni Jiga Birni, a shekarun nan da aka yanke mana sabuwar jiha, kowa bakinsa Kebbi, Kebbi, har masu motar Jega suna rubuta ta a bayan mota. Gidan da na shigo mutum uku na tarar: maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da mahaifinsa Baba. Inna ciwon gwiwa ya riga ya zaunar da ita, daga ɗaki sai tabarmar tsakar gida, ta daina zuwa rijiya tun kafin in zo. Baba kuma yanar ido ta rufe masa ido ɗaya gaba ɗaya, ɗayan ma sai ya kawo abu dab da hancinsa yake gani. Sun yi murna da zuwana, kuma ni na ci alwashin sai an san an kawo mace gidan nan. Uwata ta yi mini huɗuba kafin in fito, ta ce ƙazamar amarya ita ke jawo wa gidansu zagi. Na riƙe maganar da hannu biyu, har na wuce gona da iri. Ba abin da ban wanke ba a gidan. Turmi, taɓarya, gindin randa, har duwatsun murhu sai da suka gane an yi baƙuwa.

Yaran yanzu ba za su gane yadda muke da surukai ba. Matar ɗana takan zauna kusa da maigidana a lokacin yana da rai, ta miƙa masa waya ta ce Baba duba ka gani, ni kuwa in kama baki. Mu a zamaninmu, tsakanina da Baba gaisuwa ce kawai, ita ma a durƙushe, daga nesa, fuska a juye, murya kamar ta mai zazzaɓi. In yana son ya gaya mini abu, ko ina durƙushe a gabansa, Inna zai kalla ya ce, "Gaya ma yarinyag ga ta kawo ruwa." Inna ta juyo ta maimaita mini kamar ban ji ba, ni kuma in ba Inna amsa, ita ta mayar masa. Magana ɗaya sai ta yi tafiya uku a tsakar gida guda. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma akwai daɗi a cikinta wanda ban san yadda zan kwatanta wa na yanzu ba.

To, a bayan gida akwai rijiya, kusa da ita tsamiya, tsohuwa tukuf, mutum biyu ba sa zagaye ta da hannu. Gefen da ke kallon rijiya ba ya ganin rana, kullum a jiƙe yake da fantsamar guga, kuma daga gindi har bisa tsayin mutum wani abu ne fari-fari mai ratsin kore ya lulluɓe bawon, taswira-taswira kamar makero a kan yaro. Da marka ta kankama sai na ga wasu 'yan gizaka, ƙanana, masu gashi toka-toka, suna yawo a kai, wata rana har ɗaya ta faɗo mini cikin ƙwaryar wanke hatsi. Na ce ina! Ba a gidan da nake ba. Na sami tsingaro da soso, na dafa ruwan toka, na kankare bawon nan tas. Inda hannuna bai kai ba na kife turmi na hau. Yini guda na yi ina wannan aiki, gumi har cikin ido, na koma gefe na kalli tsamiya tana sheƙi, na ce a raina yau ko uwata ta gani ta sa mini albarka. Ban gaya wa kowa ba, wai ina jira a gani a yaba.

Gidanmu gidan albasa ne, kamar kowane gida a ƙasar Aliero, amma irinmu namu ne. Ja ce, mai ƙaramin wuya, tana daɗewa a rumbu ba ta ruɓe ba, kuma Baba ya gaje ta ne daga ubansa. Kowace shekara ana ware kawuna masu kyau a sake dasawa su yi fure, a girbe baƙin irin nan a gauraya da toka a zuba a gora. A shekarar da ta gabaci zuwana iska ta karya furen, abin da aka samu bai wuce gora ɗaya ƙarama ba, ita ce Baba yake ajiyewa a ƙarƙashin gadonsa. Ko ni da nake sabuwa na san abin da hakan ke nufi. In aka zuba iri da wuri, ruwan ƙarshe mai ƙarfi ya sauko ya wanke fangali, shi ke nan. In aka makara, zafi ya riski albasa ba ta yi kai ba. Kuma ba gora ta biyu, in wannan ta tafi irin kakanni ya tafi.

Wata safiya bayan na gaishe su, ina shirin tashi, sai Baba ya ce wa Inna, "Idona ya gaza, ƙahwakki ta gaza. Gaya ma yarinyag ga, bana ita za ta duba muna 'yan rawaya."

Inna ta juyo ta ce, "Kin ji, ke za ki duba 'yan rawaya."

Na ce wa Inna a hankali, "Inna, ban san su ba."

Sai Baba ya gyara zama, don tambayar ta yi masa daɗi, ya shiga ba Inna labarin abin da ta sani shekara arba'in. Ya ce wani ɗan ƙwaro ne dangin malam-buɗe-littafi, amma shi ba ya buɗe littafinsa, in ya sauka naɗe fikafikansa yake yi a jikinsa kamar tabarma. Tsawonsa bai kai gaɓar ɗan yatsa ba. Launinsa rawaya ne kamar ƙwanduwar ƙwan zabo, da ɗigo baƙi huɗu a kowane fiffike, ƙafafunsa sirara kamar zare. Da rana ba ya tashi, sai ya lafe a jikin itace, da sassafe in raɓa ta sauka har kana iya ɗaukarsa da hannu. Ya ce shi da ya yi fataucin albasa zuwa kurmi ya gan su can birjik a kowane itace, har a jikin duwatsu da bangon ɗakuna, ba rani ba damina. A nan ƙasarmu kuwa sai inda laima take, bakin gulbi wajen Jega, da fadamun Mungadi inda aka haifi Inna, da tsofaffin itatuwan gindin rijiya. In ka nausa arewa kan tudu ba ka ganin ko ɗaya. Kuma a tsamiyarmu sau ɗaya suke fitowa da yawa a shekara, in ruwa mai ƙarfi ya kusa sallama. Ranar da aka gan su, a ƙidaya kwana biyu a zuba iri. Haka ubansa ya yi, haka shi ma yake yi, bai taɓa asarar fangali ba.

Ina ta gyaɗa wa Inna kai, ina jin daɗin an ba ni amana. Sai Baba ya ƙara da cewa, "Kin san hurhurag ga da ke jikin tsamiya? Ita ɗiyansu ka ci. Su na 'yan gizakan da kan yi yawo bisa da marka. In ba hurhura, ba 'yan rawaya."

Innalillahi! Ban san yadda na tashi daga wurin ba. Na je bayan gida na tsaya gaban tsamiya, ga ta fes, ko ɗigon furfura babu. Garin gyaran gira na tsokale ido. Na ɗaga kai ko a can sama akwai saura, amma sama rana na dukanta, bawo ne kawai busasshe. Na zauna a bakin rijiya na yi kuka mai isata, sannan na wanke fuska na ɗebi ruwa na koma ciki kamar ba abin da ya faru.

Daga ranar kowace safiya sai in je in duba abin da na san babu, in dawo in durƙusa a ƙofar Baba. Inna ta ce, "Sun hito?" In ce, "Ba su fito ba, Inna." Ta juya ta ce masa, "Ba su hito ba." Shi kuma ya ce, "To, Allah shi kai mu gobe." Kwana uku, kwana biyar, kwana bakwai. Maƙwabta suka fara zuba nasu. Maigidana ya gyara fangali ya baza taki ya tanadi ciyawar rufi, kullum ya dawo daga lambu fuska a ɗaure. Na ji shi yana ce wa Baba, "Baba, kowa ya zuba hwa, mu kaɗai munka rage. Ƙwaro za mu tsaya jira?" Baba ya ce, "Ƙwaron ga ya girme ka." Maigida ya fito yana huci ya same ni ina daka, ya ce, "Ke kina dubawa da kyau kuwa?" Na ce ina dubawa. Ban iya gaya masa ba. Yadda yake cike ɗin nan, na san in ya ji zai faɗa wa Baba cikin faɗa, a ce ga abin da matarsa ta yi, labari ya kai Fagada. Sau nawa na buɗe baki zan gaya wa Inna, sai in ga Baba zaune a gefe yana jan carbi, in fasa. Sau nawa kuma Shaiɗan ya ce mini, ki ce sun fito mana, wa zai gani? Amma in na tuna gorar nan guda ɗaya, sai in ji tsoron Allah. Abinci ya daina shiga, har Inna ta fara yi mini kallon mai ciki tana murmushi, Allah Sarki.

Ana nan sai aka aiko yayata ta haihu, aka bar ni in je suna Fagada in kwana ɗaya. Washegarin suna da sassafe na bi uwata lambunta na bakin fadama ɗebo yakuwa. Akwai wani tsohon maɗaci a can da na yi wasa a gindinsa tun ina yarinya ban taɓa kallon jikinsa ba. Ranar na kalla. Ga furfura, ga su kuma a kai, lafe, rawaya shar, kowane da ɗigonsa huɗu, sun fi a ƙirga. Kyawunsu ya ba ni haushi ma, na ce ashe haka kuke, kuka bar ni ina ramewa. Na tambayi uwata yaushe suka fito, ta ce, "Waɗanga? Yau kwana ukku ina ganinsu. Mi za ki yi da su?" Na ce ba komai. Da ta sunkuya tsinkar yakuwa na ɗauki ƙoƙo na dinga tsince su ɗaya-ɗaya, na rufe da faifai na ɗaure a gefen mayafi. Haka na shiga a-kori-kura da su zuwa Jega, daga Jega na sake wata, ina rungume da ƙoƙo kamar jariri, mota na ta jijjiga mu. A raina na ce ai ba ƙarya zan yi ba, da gaske sun fito, wuri ne kawai ya bambanta.

Da gari ya waye na jera su a jikin tsamiya. Rabi sun mutu a hanya, waɗanda suka rage suka maƙale da ƙyar a kan bawon da ba abin riƙewa. Na zo na durƙusa. Inna ta ce, "Sun hito?" Na ce, "Suna jikin tsamiya, Inna." Ta yi guɗa 'yar ƙarama ta ce masa, "Sun hito!"

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi. Ta kawo min guda in gaisa da shi."

Na kawo ɗaya a kan ganye na ba Inna, ta ɗora masa a tafin hannu. Ya kai shi dab da idonsa mai gani, ya juya hannu wajen haske, ya daɗe. Sannan ya ce, "Inna, baƙon ga ya sha hanya. Garin hihhikenai duk ya goge. Namu in sun hito sababbi suke, awa an rina su." Ya lalubi sandarsa ya miƙe. Rabonsa da gindin tsamiya tun bara. Ya bi bango a hankali, ni ina biye daga nesa, Inna ma ta ja gwiwarta ta dafa ƙyaure ta leƙo. Ya isa gindin tsamiya ya ɗora tafin hannu a kan bawon, ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya zagaya ya sake shafawa. Ni kuwa na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Na ga yadda fuskarsa ta faɗa, kuma wannan fuskar ba ta taɓa barin idona ba.

Can ya ɗaga murya ya ce, "Inna, wa ya aske min tsoho?"

Na zube a gaban Inna ina kuka, na faɗi komai, tsingaro da ruwan toka da turmin da na hau, da ƙoƙon Fagada. Inna ta riƙe haɓa tana salati. Ba ta maimaita masa ba, wannan karon ta san ya ji. Ina jiran a ce in tattara kayana, sai na ji wani sauti, na ɗaga ido, ashe dariya Baba yake yi, yana riƙe da tsamiya kada ya faɗi, hawaye na fita daga idon da ba ya gani.

"Har da hawan turmi!" in ji shi. "Har da shiga mota da su! An biya musu kuɗin mota kuwa?" Ya share ido ya ce, "Tambaye ta, kwana nawa da hitowassu can?"

Inna ta tambaye ni, na ce jiya uwata ta ce kwana uku, yau huɗu ke nan. Ya yi lissafi da yatsu yana motsa baki. Ya ce na bakin gulbi kan riga namu da kamar kwana biyar, don haka namu da gobe za su fito, in da an bar musu abinci. "Gobe, sannan a ƙidaya biyu. Gaya ma mijinta gata shi zo shi amshi gora." Ya juya zai koma, sai ya tsaya ya ce, "Kuma gaya mata mun gode da tsabta, ba mu yi zaɓen banza ba. Amma daga yau gugan hwari na tsoho na. Ta watsa mai a jiki, ko gemunai ya dawo."

Washegari da la'asar aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Waɗanda nasu ya riga ya tsiro ya yi ƙarfi sun tsira, waɗanda suka zuba cikin makon kuwa sai tsintar iri a kwata. Mu muka zuba namu a ƙasa mai laima, bayan nan yayyafi kawai aka yi sau biyu. Ba zan ce mun fi kowa albasa a shekarar ba, kawunan ba su yi girman da aka saba ba, amma irin ya tsira, aka cika gora uku. Maigidana bai ji labarin ba sai bayan dashe, Inna ce ta ba shi tana dariya, kuma har ya bar duniya in na cika wanke-wanke sai ya ce, a dai bar mana itatuwa.

Ban san furfura na da nawa haka ba. Abin da na kankare a yini ɗaya, shekara ta zagayo da ƙyar aka ga alama. Kullum gugan farko na tsamiya ne, rani da damina, ko ina da ciki, ko ina goyo. Kowace damina in ruwa ya kusa sallama, Baba kan tura maigida Fagada ya tambayo uwata, ita ma har ta saba, ta zama mai gadin maɗaci. Kuma kowace safiya a lokacin sai ya ce wa Inna, "Tsoho ya hwara gemu?" In ce wa Inna ya fara ɗigo-ɗigo kamar kwabo. Shekara ta biyu na ce ya kai tafin hannu. Ta uku na ce na ga gizaka biyu. Ya ce, "Madalla, baɗi in Allah ya so muna da baƙi." Bai kai baɗin ba. Da sanyin shekarar ya kwanta, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Shekara uku da wani abu na yi a gidansa, ban taɓa gaya masa magana baki da baki ba in ban da ina kwana.

Damina ta huɗu, wata safiya na zo da guga zan watsa, sai hannuna ya tsaya. Guda uku ne kacal, lafe a kan furfura, sababbi kamar an rina su. Na saki guga na ruga cikin gida da goyo a bayana, ban tsaya wurin Inna ba, ban ma tuna ba, na zube a ƙofar ɗakinsa da ke rufe, na ɗaga murya yadda ban taɓa yi ba a gidan nan.

"Baba, sun fito! Baba, namu ne, sun fito!"

Ina nan durƙushe har na ji muryar Inna daga kan tabarmarta.

"Ya ji, ɗiyata. Tashi ki gaya ma mijinki shi ƙidaya biyu."